Marigayi Ma'ajin Gari: Tarihin Littafin Asusunmu da Mutumin da Ya Riƙe Shi

 

Ina miƙa godiya ga kwamitin wannan mujalla tamu ta shekara-shekara, da ya ba ni fili in yi rubutu a kan mahaifina, Allah Ya jiƙansa da rahama. Da farko na ji nauyin abin, domin a tarbiyyarmu ɗa ba ya miƙewa gaban jama'a yana yabon ubansa, ko sunansa ma ba ya kamawa. Zan kiyaye wannan ladabi, kuma babu abin da zai ragu, tunda duk wanda ya sha ruwan rijiyar bakin kasuwa ya san wanda ake nufi idan an ce Ma'aji. Ba sarauta ba ce, babu wanda ya naɗa masa rawani. Laƙabi ne da mutanen gari suka liƙa masa saboda littafin asusun gari da ya riƙe tun yana magidanci sabon aure har idanunsa suka yi rauni. Tarihin wannan littafi ya ratsa zamanin gyaɗa da zamanin fari da zamanin man fetur, kuma a cikinsa ne tushen wannan ƙungiya tamu yake, ko da yake da yawa daga cikin matasanmu da aka haifa a Kano da Kaduna da Abuja da Legas ba su taɓa jin labarinsa ba.

Zamanin da ya tashi a ciki

Iyayenmu ba da kalanda suke lissafin haihuwa ba, da abin da ya faru suke yi. An haifi Baba a shekarun da ake shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Nguru, wanda aka kammala a 1930, zamanin Sarkin Haɗejiya Usman. Mahaifinsa, wato kakanmu, yana cikin waɗanda suka ga shigar Turawa Haɗejiya a 1906, lokacin da Sarki Muhammadu ya yi shahada tare da jarumansa, ya kuma ga yunwar Kakalaba ta 1914. Mutumin da ya ga waɗannan abubuwa biyu ba ya wasa da hatsi, kuma ba ya saurin yarda da baƙo. A hannunsa Baba ya koyi cewa ba a buɗe rumbun bara sai na bana ya cika.

Kafin zuwan jirgin ƙasa, gero da dawa da wake ne noman mutanenmu, sai kamun kifi da shinkafar fadama ga waɗanda ke kusa da kogi. Gyaɗa kuwa ta mata ce, a yi mai da ƙuli-ƙuli. Jirgi ya isa Kano tun 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe a can, amma mu sai da aka kafa tasha a Malam Madori abin ya iso mu sosai. Kamfanonin Turawa irin su U.A.C. da John Holt suka buɗe kantuna, Kwarori suka biyo baya, 'yan baranda suka kafa sikeli a kowace kusurwa. Haraji kuma da tsabar kuɗi ake biyansa, ba da dami ba, saboda haka ko manomi yana so ko ba ya so, tilas ya ware wa gyaɗa gefen gona. Daga nan jakuna da raƙuma suka fara jerin gwano zuwa tasha da kaka, daga tasha kuma jirgi ya kwashe zuwa Kano, inda ake jera buhuna su zama dala.

Baba ya yi karatun allo a gabas, kamar yadda yaran zamaninsa suke yi, ya zazzauna a tsangayoyin ƙasar Nguru da Gashuwa, ya dawo da sauka da kyakkyawan rubutun ajami da ɗan abin da ya samu na hisabi. Wannan hisabi ne ya sa wani ɗan baranda a Malam Madori ya ɗauke shi malamin sikeli.

Ya kamata matasa su fahimci yadda cinikin nan yake, domin a nan ne halin Baba ya fara bayyana. Manomi zai taso tun asuba da jakunansa, ya iso tasha rana tsaka a gajiye. Bai iya karanta lambar sikeli ba. Za a ɗora buhunsa, a duba, a faɗa masa abin da aka ga dama, sannan a zabge wani abu da sunan ƙasa da tsakuwa. Idan kuma ya ci bashi da damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, to da kaka ninki zai biya, kuma a wurin mai bashin zai sayar, a farashin mai bashin. Daga 1949 aka kafa hukumar cinikin gyaɗa, wadda ke yanke farashi a farkon kaka ta kuma ba manyan 'yan kasuwa lasin saye, a 1954 kuma aikin ya koma hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Amma farashin da aka rubuta a takarda bai amfani wanda bai iya karanta takardar ba. Abin da Baba ya riƙa yi shi ne, duk buhun da ya hau sikeli sai ya ɗaga murya ya faɗi nauyinsa, yadda manomi da na bayansa a layi za su ji. Manoma suka gane, layinsa ya fi na kowa tsawo, amma ribar maigidan ba ta ƙaru yadda yake so ba. Kaka biyu ya yi aka sallame shi. Ya koma gona, bai sake yi wa kowa aikin albashi ba har ya bar duniya.

Ajin Yaƙi da Jahilci

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aikin da sunan Malam Ahmadu Kumasi ya shahara a kansa, aka kuma kafa hukumar NORLA a Zariya domin buga littattafai da ƙananan jaridu ga sababbin masu karatu. Da ajin ya iso garinmu, malaman tsangaya da dama suka ja baya, suna ganin ƙasƙanci ne mai sauka ya zauna a tabarma yana haɗa baƙi da wasali irin na Nasara. Baba ya shiga, ya ɗauki Ka Koyi Karatu kamar kowane ɗan koyo. Hujjarsa a wurin abokansa malamai ita ce, rasiɗin haraji da boko ake rubuta shi, farashin gyaɗa da boko, sammacin alƙali ma ya fara zuwa da boko, kuma wanda bai iya karanta abin da aka rubuta a kansa ba, a hannun mai karanta masa yake.

Bai daɗe ba ya karɓi takardar shaida. Daga nan ya zama shi ne mai karanta wa jama'a Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da aka fara bugawa a 1939, da Sodangi ta Lardin Kano, duk lokacin da wani ya taho da su daga tasha, ko da sun kwana biyu. Amma abin da ya fi jawo masa jama'a shi ne rasiɗin haraji. Tsofaffi sukan zo da 'yan takardunsu a naɗe cikin laya ko cikin hula, ya duba musu shekara da suna da adadi. Ta haka aka gano waɗanda aka karɓi harajinsu sau biyu, da waɗanda aka ba rasiɗin bara a madadin na bana. Wannan bai sa masu karɓar haraji sun ƙaunace shi ba.

Yadda aka buɗe littafin

Ƙasarmu jigawa ce, rijiyar da aka haƙa ba tare da ɗauri ba takan rufta da damina. Mata da yara sukan yi tafiya mai nisa neman ruwa da bazara. Sai labari ya zo cewa En'e za ta turo magina rijiyar kankare, idan gari ya tara kuɗin siminti ya kuma ba da 'yan aiki. Matsalar ita ce an taɓa tara irin wannan kuɗi a baya, suka shiga aljihun da ba su fito ba, ba rijiya, ba bayani. Ga shi kuma lokacin siyasa ce ta raba gari biyu. An kafa NEPU a 1950, ga kuma Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, wadda masu sarauta ke goyon baya. Ƙani da wa sun daina gaisawa, wasu sun daina bin wasu salla. Duk wanda aka ce ya riƙe kuɗin, ɗaya ɓangaren sai ya ce bai yarda ba.

Da aka rasa yadda za a yi, dattawa suka nemi Baba, kasancewar bai yanki katin kowace jam'iyya ba kuma ya iya rubutu iri biyu. Ya amsa, amma da sharuɗɗan da suka ba mutane mamaki. Ya ce kuɗin ba za su kwana a gidansa ba ko da dare ɗaya. Aka samo akwatin ƙarfe aka ajiye a gidan Liman, aka sa masa kwaɗo biyu, makulli ɗaya a hannun wani dattijo ɗan NEPU, ɗaya a hannun wani ɗan NPC, ta yadda akwatin ba ya buɗuwa sai abokan hamayyar nan biyu sun zauna a tabarma ɗaya. Shi kuwa littafi kawai ya riƙe. A littafin ma, kowane shigar kuɗi da fitarsa sau biyu yake rubuta shi, shafin dama da ajami, shafin hagu da boko, domin almajiri da ɗan makaranta kowa ya iya dubawa da idonsa. Sharaɗin da ya fi tsauri shi ne na ƙarshe: kowace ƙaramar salla, bayan an sauko daga Idi, za a karanta littafin a ƙofar gidan Dagaci, sunan wanda ya bayar da abin da ya bayar, sunan wanda bai bayar ba, da abin da aka kashe har zuwa anini.

Karatun farko ya tayar da ƙura. Akwai masu hali da aka ji sunansu babu ko sisi a gabansa, cikinsu har da makusantan Dagaci, ga kuma wata tsohuwa mai sayar da daddawa da aka ji ta ba da taro sau uku. Wasu suka ce tozarci ne, suka yi fushi da shi na tsawon watanni. Sai dai da sunansa yake farawa kowace shekara, kuma a shekarar da gonarsa ba ta yi kyau ba, da bakinsa ya karanta cewa shi ma ana bin sa sule biyu. Kafin sallar da ta biyo baya, waɗanda suka yi fushin sun biya, rijiya kuma ta tsaya. Ita ce ta bakin kasuwa, wadda har yau ba ta rufta ba.

A nan nake so 'yan uwa su ɗan tsaya. Idan ana maganar Baba, abin da aka fi faɗa shi ne mutum ne mai gaskiya. Haka ne, amma masu gaskiya suna da yawa a zamaninsa, kuma wanda ya riƙe kuɗin farko da suka salwanta, shi ma da shaidar gaskiya aka ba shi. Abin da ya bambanta Baba shi ne bai taɓa neman a yarda da shi ba. Ya shirya abin ne ta yadda ko da shi ɓarawo ne ba zai iya sata ba, kuma ko da maƙiyinsa ne ya zo bincike zai sami abin dubawa. Yakan ce zuciya ba ta da tabbas, kuma wanda ya ƙi a bincike shi ya riga ya ba Shaiɗan masauki. Ina ganin wannan ya fi gaskiyar mutum ɗaya amfani ga gari, domin gaskiyar mutum tana bin sa kabari, tsari kuwa ana iya gadonsa.

Shekarar fari

Bayan rijiya sai aka ga bai kamata a rufe littafin ba. Aka gyara masallacin Juma'a, aka kewaye maƙabarta, aka sayi makara da kayan haƙar kabari. Sannan Baba ya kawo shawarar da ya gada daga mahaifinsa, wato rumbun tsimi na gari: kowane gida ya kawo damin gero ɗaya da kaka, a zuba a rumbunan da aka gina a bayan gidan Liman, a riƙa sayar da tsohon ana zuba sabo. Shekaru suka yi ta wucewa ana damina mai albarka, har wasu suka fara cewa wahalar banza ce. An ƙirƙiro Jihar Kano a 1967, Audu Bako ya zama gwamna, gyaɗa tana kuɗi, kowa hankalinsa kwance.

A ranar 1 ga Janairu 1973 aka canja kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo. Baba ya zauna ya juya dukan lissafin littafin, fam ɗaya naira biyu, sule ɗaya kwabo goma, ya karanta wa jama'a tsohon lissafi da sabo domin kada wani ya ce an yi masa rinto a wajen canji. Bai san cewa a wannan shekarar ce za a gwada littafin gwaji mafi tsanani ba. Damina ta 1972 ta riga ta yi gardama, ta 1973 kuwa ta ƙi baki ɗaya. Gero ya bushe a tsaye kafin ya fitar da kai. Shanu suka yi ta faɗuwa, mutane daga arewa, har daga Jamhuriyar Nijar, suka yi ta kwararowa da 'ya'yansu a hannu.

Aka buɗe rumbunan. Baba ya bi gida-gida ya ƙidaya bakuna, aka riƙa rabo da mudu bisa yawan mutanen gida, ba bisa yawan abin da gidan ya taɓa zubawa ba, aka kuma fara da zawarawa da marayu da tsofaffin da ba su da mai nema musu. Masu manyan gonaki suka yi ƙorafi cewa su suka fi zubawa, ya amsa musu cewa ba adashi aka yi ba. Abin da ya fi wannan wuya shi ne rumbu ɗaya da ya hana a taɓa, ya ce iri ne na baɗi. Yunwa ta yi tsanani, mutane suna kallon rumbu cike a rufe, aka yi masa maganganu masu zafi, har da masu cewa yana ɓoyewa ne ya sayar. Ƙaninsa uwa ɗaya uba ɗaya, baffanmu, ya zo masa da dare yana roƙon ko tiya biyu daga ciki. Ya hana shi, ya shiga gida ya raba abin da ya rage mana biyu ya ba shi rabi. Mahaifiyarmu, Allah Ya jiƙanta, ta sha ba mu labarin yadda muka koma cin abinci sau ɗaya a yini, tana haɗawa da tafasa da rama domin tukunya ta cika ido. Ba ta ɓoye mana cewa ta yi fushi da shi a lokacin ba. Da ruwa ya sauka a damina ta gaba, garuruwan da suka cinye irinsu sai da suka ci bashi kafin su yi shuka, mutanenmu kuwa aka auna wa kowane gida nasa, aka rubuta, ya mayar da kaka.

Farin ya wuce, amma ƙasar ba ta koma yadda take ba. An kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, ambaliyar da ke shayar da fadamun Haɗejiya kowace shekara ta ragu, masu shinkafa da masunta suka ji a jikinsu. A 1975 kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta cinye amfanin shekarar, manoma da yawa suka bar nomanta. Dalar gyaɗa ta ɓace daga Kano, tashar Malam Madori ta yi tsit. A daidai lokacin kuma kuɗin man fetur da na Udoji suna yawo a birane. Samarin da suka tafi cin rani a waɗannan shekaru, da yawansu ba su dawo da zama ba. Su ne suka zama 'yan garinmu na farko a Fagge da Birget a Kano, da Tudun Wada a Kaduna, da Agege a Legas. Mai karatu, idan a birni aka haife ka, tambayi mahaifinka shekarar da ya baro gida, akwai alamar za ka ji ta faɗo a tsakanin waɗannan.

Baba ya lura cewa ƙarfin gari ya koma birni, sai ya buɗe sabon babi a littafin, ya sa masa suna 'Yan Tafiya. Yakan rubuta wasiƙa ya ba direbobin tasha, a kai wa babban ɗan gari a kowane birni, shi kuma ya tara na sauran ya aiko da jerin sunaye. Ranar salla a karanta su tare da na mazauna gida, uwa tana daga cikin soro tana jin an ambaci ɗanta da ke Legas. Waɗannan wasiƙu su ne asalin rassan ƙungiyarmu, tun kafin a yi mata tsarin mulki da hatimi.

Makaranta, haraji da canjin kuɗi

Da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta na UPE a 1976, yara suka yi wa azuzuwan da ake da su yawa. Aka yi gayya aka buga tubali, asusu ya sayi kwano da katako da ƙusa, aka tayar da azuzuwan da da yawa daga cikin masu karanta wannan mujalla suka fara a, ba, ca a cikinsu. A nan akwai abin da adalci ya sa in faɗa. Baba, duk da wayewarsa, ya makara wajen yarda da karatun 'ya'ya mata. Yayyenmu mata ba su shiga aji ba, an aurar da su da karatun allo kawai, kuma har yau suna faɗa. Sai a kan ƙannenmu ya sauya ra'ayi, bayan ya ga matan gari suna rasa rayukansu wajen haihuwa saboda babu mace ma'aikaciyar asibiti da za su yarda ta duba su. Da ya sauya kuwa, da kansa ya riƙa bin gidaje yana roƙon iyaye.

A 1979 Gwamna Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Jihar Kano. Talakawa suka yi murna, kuma sun cancanci yin ta, domin wanda ya ga yadda ake ɗaure magidanci a rana saboda haraji ba zai yi kewarsa ba. Baba ma ya yi murna. Sai dai wasu suka fassara abin da cewa an daina karɓar komai daga hannun kowa, gudummawar asusu ta ja baya na wasu shekaru. Ya sha wahalar bayyana wa mutane cewa haraji na hukuma ne, an ɗauke musu, rijiya da maƙabarta kuwa nasu ne, babu gwamnan da zai ɗauke musu su.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Buhari ta sauya launin takardun naira, aka ba mutane ƙasa da mako biyu su canja. Waɗanda suka sha wahalar canjin kuɗi na 2023 za su iya kwatanta abin, sai dai a wancan lokaci babu waya, babu katin banki. Kuɗin gari suna cikin akwati. Baba ya ɗauki masu makulli biyu, suka tafi Haɗejiya, suka kwana a layin banki har suka canja. Kuɗin motar su uku ya rubuta a littafi, abincin da suka ci kuwa daga aljihunsa ya biya, ya ce ko suna gida ai za su ci. Bayan wannan ne aka buɗe wa asusun ajiya a banki da sa hannun mutum uku, kuma ya ƙi yarda nasa ya zama ɗaya daga ciki.

Aka rushe hukumomin ciniki a 1986, aka ƙirƙiro Jihar Jigawa ranar 27 ga Agusta 1991, 'ya'yan gari suka sami muƙamai a Dutse, kuɗin da ke shigowa asusu suka ƙaru. A lokacin ne wasu 'yan birni, da kyakkyawar niyya, suka kawo shawarar a biya masa kujerar Makka daga asusu a matsayin tukwici. Ya ƙi. Ya ce a cikin kuɗin nan akwai taron mai daddawa, kuma ba domin Hajjinsa ta bayar ba. Sai daga baya mu 'ya'yansa muka haɗa muka biya masa.

Da ganinsa ya fara raguwa, shi ya nemi a karɓi littafin, ba a nema daga gare shi ba. Aka zauna a gaban Dagaci da Liman da wakilan 'yan birni ana bin lissafi shafi-shafi, sai aka sami giɓin 'yan nairori. Kowa ya ce a bar shi, ba abin magana ba ne. Ya ce ba zai miƙa ba sai an gano. Kwana uku ana nema, sannan aka tarar da rasiɗin ƙusa ya maƙale a tsakanin wasu shafuka biyu. Ya rasu 'yan shekaru bayan hawan Mai Martaba Sarkin Haɗejiya Alhaji Adamu Abubakar Maje, wanda ya hau a 2002. Abin da ya bari shi ne gonaki biyu da gidan ƙasa da Alƙur'ani rubutun hannunsa. An ɗauke shi a makarar da asusu ya saya. Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, tare da dukan iyayenmu da suka riga mu.

Abin da ya rage a hannunmu

'Yan uwa mazauna birane, a yau muna da abin da iyayenmu ba su yi mafarkinsa ba. A cikinmu akwai akantoci da lauyoyi da manyan ma'aikatan banki. Kuɗi suna tafiya ta waya cikin ƙiftawar ido. Duk da haka, yaushe rabon da a karanta mana lissafi a bainar jama'a? Muna taron gidauniya a manyan ɗakunan taro, a kira alkawari a lasifika a yi tafi, shekara ta zagayo babu wanda ya san wa ya cika, wa bai cika ba, saboda ana jin nauyin manya. Lokacin ambaliyar 2020 da ta 2022, da ruwa ya cinye gonaki da gidaje a ƙasar Haɗejiya, an tara gudummawa mai kauri, kuma na yi imani an raba ta, amma da yake ba a fito da jerin sunaye ba, sai zargi ya cika zaurukanmu na WhatsApp, har wasu suka ce sun daina bayarwa. Ban ce wani ya ci ko kwabo ba. Abin da nake cewa shi ne mun bar shugabanninmu ba su da abin da za su kare kansu da shi, alhali tsoho mai takardar Yaƙi da Jahilci ya nuna mana yadda ake yi. Ina roƙon babban taro na bana ya duba yiwuwar buga cikakken lissafin shiga da fita a wannan mujalla kowace shekara, da sunayen masu alkawari da abin da suka cika, a kuma dawo da karatun ranar salla a ƙofar gidan Dagaci, domin mutanen gida da ba sa ganin mujalla su ji da kunnensu.

Littattafan Baba suna nan a cikin akwatin ƙarfen nan mai kwaɗo biyu, a hannun babban wanmu. Mu iyalinsa mun amince mu miƙa su ga ƙungiya, da sharaɗin a ɗauki hoton kowane shafi a adana a kwamfuta, a kuma ajiye kwafi a makarantar firamare. Duk mai son ganin sunan mahaifinsa ko kakarsa, da abin da suka bayar a shekarar rijiya ko mudun da aka auna musu a shekarar fari, yana iya zuwa idan ya shigo gida da salla. Gara ta fara cin gefen littafi na uku, wanda rabon hatsin 1973 yake ciki, kuma tawadar shafukan ajami ta fara dusashewa, saboda haka da shi ya kamata a fara.